Tsohuwar motar gudu: abin da maleji ba ya faɗa wa mai saye

A kusan kowane babban wurin sayar da motoci, ko a Kano ne ko Abuja ko Kwatano, akan samu wata irin mota da ta fita daban a cikin jerin Camry da Corolla da Accord. Ƙofarta biyu, ta kwanta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta, tayoyinta faffaɗa, kujerar bayanta in ma akwai to sai dai yaro. Ford Mustang ce ko Chevrolet Camaro, ko Nissan 350Z, ko BMW M3, jefi-jefi kuma tsohuwar Porsche. An ƙera su ne don gudu da jin daɗin tuƙi, kuma bayan shekara goma ko sha biyar kuɗinsu kan faɗi warwas idan aka kwatanta da yadda aka saye su sababbi. Wannan faɗuwar ce ke jawo matashin da ya daɗe yana mafarkinta. Zai zagaya ta, ya shafa bodi, ya buɗe ƙofa, sannan idonsa ya tafi kai tsaye kan maleji. Idan ya ga mil 130,000 sai jikinsa ya yi sanyi ya ja da baya. Idan ya ga mil 45,000 sai ya fara ciniki tun bai buɗe bonet ba. A ganina kuskure ɗaya ne a duka biyun: an ɗora hukunci kan shaidar da ta fi kowace rauni a jikin motar, wadda kuma ta fi kowace sauƙin murɗewa.

Ya kamata a fara da sanin abin da lambar take ƙirgawa. Yawancin motocin tokumbo da ke shigowa daga Amurka da mil suke lissafi, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, don haka mil 100,000 kimanin kilomita 160,000 ke nan. A can, ma'aunin da aka saba da shi shi ne motar da ake hawa kullum tana cin kimanin mil 12,000 a shekara. Motar da ta shekara 15 tana aiki za ta iya kai mil 180,000 ba tare da an ce an wahalar da ita ba. Gaskiya ne motocin gudu sau da yawa na biyu ne a gida, ana fito da su ƙarshen mako ko lokacin da sanyi ya wuce, shi ya sa lambarsu kan yi ƙasa da ta motar zuwa aiki. Duk da haka, motar 2008 da ke nuna mil 40,000 tana da bayanin da za ta yi. Ko dai ta yi shekaru a ajiye, ko wani abu ya same ta da ya hana ta tafiya, ko kuma wani ya taɓa lambar. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya kamata ya kwantar wa mai saye da hankali.

Maleji juyawar taya yake ƙirgawa, bai san wahalar da inji ya sha ba. Motar da ta tashi daga Kaduna zuwa Kano a kan giyar ƙarshe, inji ya yi ɗumi, bakin mai na zagayawa yadda ya kamata, ba a taka birki sai nadiran, ta ƙara sama da kilomita 200 a lambarta amma kusan ba ta ci komai a jikinta ba. Wadda kuma ake tayarwa sau shida a rana don tafiyar kilomita uku-uku cikin cunkoso, ita ce ke tsufa a ɓoye, domin babban kaso na cin da inji ke yi yana faruwa ne a mintunan farko bayan an tayar da shi da sanyi, kafin mai ya kai ko'ina kuma ƙarafa su buɗe daidai gwargwado. A motar gudu wannan bambancin ya fi tsanani, saboda an yi ta ne don a matsa mata, kuma akwai masu matsa matan. Injin Honda S2000 na farko yana juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya, na BMW M3 samfurin E46 har 8,000, alhali motar gida a kan babbar hanya ba ta cika wuce 3,000 ba. Mil 10,000 a hannun wanda ke kai ta filin tsere, ko wanda ke murza taya har hayaƙi ya tashi irin yadda samari ke yi ranar ɗaurin aure, na iya cinye kuloci da birki da giya fiye da mil 100,000 a hannun dattijon da ke tuƙa ta zuwa ofis a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Lambar da ke gaban sitiyari ba za ta bambanta maka su ba.

Sai kuma abin da mutane suka fi wuyar yarda da shi, wato ajiya ma tana lalata mota. Masu doki sun san wanda aka ɗaure a turke wata da watanni, ana ba shi dawa ba a hawa, ba shi ne lafiyayye ba ko da gashinsa na sheƙi. Mota cike take da roba: tiyo-tiyo na ruwa da na mai, bel, da ƙananan zobban da ke hana mai yoyo. Roba shekaru ne ke busar da ita, ko an yi tafiya ko ba a yi ba, kuma wadda mai ba ya wanke ta ta fi saurin tsagewa. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Fetur idan ya daɗe a tanki yana lalacewa ya toshe hanyoyinsa, taya tana ƙandarewa, bakin mai da ya kwana watanni yana tara ruwa da tsami. Misalin da aka fi sani a duniyar waɗannan motoci shi ne na Porsche. Injinan Boxster da 911 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000 suna da wani ɗan boris a cikin ciki, wanda ake kira IMS, da idan ya tarwatse yakan tafi da injin gaba ɗaya. Maganar ta kai kotu a Amurka, inda a 2013 kamfanin ya sasanta da masu motocin 2001 zuwa 2005, kuma daga 2009 ya fito da sabon inji da babu wannan ɓangaren. Abin lura shi ne, makanikan da suka ƙware a kan waɗannan injina sun daɗe suna cewa motocin da ake lallaɓawa, ana ajiye su a gareji ba a hawa, ba su tsira daga matsalar ba, wasu ma na ganin sun fi shiga haɗari. Wadda ta yi dogon zango, kuma akwai rasiɗin da ya nuna an canza mata boris ɗin, ta fi mai ƙaramar lamba da ba a taɓa buɗewa ba kwanciyar hankali.

Mazda RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, ta nuna wani ɓangaren. Injinta ba mai fistin ba ne, irin mai juyawa ne da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, kuma da gangan yake ƙona ɗan bakin mai don shafa wa sassansa. Wanda bai san haka ba, ya bar mai ya yi ƙasa, ko ya riƙa tayar da ita yana kashewa kafin ta yi ɗumi, zai kashe injin tun lambar tana ƙarama. Matsalar ta yi yawa har Mazda ta tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000 a Amurka. A ɗaya gefen kuma akwai Irv Gordon, wani malamin makaranta a jihar New York da ya sayi Volvo P1800 a 1966, ya tuƙa ta har ta haura mil miliyan 3 a 2013, tarihin da kundin Guinness ya amince da shi. An yi wa injin babban aiki fiye da sau ɗaya a tsawon wannan lokaci, amma motar ita ce dai, kuma sirrin bai wuce bin ƙa'idar canjin mai da gyara abu tun yana ƙarami ba. Ba kowace mota ce za ta yi haka ba, amma tazarar da ke tsakanin RX-8 da ta mutu da ƙuruciya da Volvo da ta kai wannan zango ta isa ta nuna cewa ƙira da kulawa sun fi lamba nauyi.

Duk wannan idan lambar gaskiya ce ke nan. Amurka ta haramta murɗa maleji tun 1972, ta ƙara tsananta dokar a 1986, amma hukumarta mai kula da lafiyar motoci a hanya, NHTSA, ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci sama da 450,000 duk shekara da lambar ƙarya, abin da ke jawo wa masu saye asarar fiye da dala biliyan ɗaya. Wannan a ƙasar da ake ɗaure mutum a kai. Beljiyam, wadda sunanta ya zama sunan motocin hannu a bakinmu, sai da ta kafa tsari na musamman a 2006, mai suna Car-Pass, inda ake rubuta malejin mota duk lokacin da ta shiga gareji, saboda yawan maguɗin. Motar da ta baro waɗannan ƙasashe ta hau jirgin ruwa ta bar dokokin a bayanta, kuma tsakanin tashar jirgin da wurin dillali hannuwa da yawa ke taɓa ta. Zuwan malejin lantarki bai rufe ƙofar ba. A da sai an kwance allon an juya lambobi da hannu, yanzu ƴar na'ura ake jonawa a gama cikin mintuna. Mu masu saye mu ne muka samar da kasuwar wannan aiki, domin muddin rage mil 60,000 zai ƙara wa mota kuɗi mai kauri, za a samu mai ragewa. Sakamakon haka wani abu ne da ya juya tunanin da aka saba: babu wanda ke ƙara wa mota maleji, don haka babbar lamba ta fi kusa da zama gaskiya, ƙarama kuwa ita ce ke bukatar shaida.

Akwai kuma tambayar da ya kamata duk mai saye ya yi wa kansa: me ya rabo motar gudu mai ƙaramin maleji da ƙasarta, a farashin da har ɗan kasuwa zai biya jirgi da kwastam ya kuma ci riba? A can ma irin wannan motar tana da masu nema, kuma suna biya da kyau. Amsar sau da yawa tana wuraren gwanjon Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Daga nan ne ɗimbin motocin da ke shigowa Afirka ta Yamma suke fitowa, a gyara su a Legas ko Kwatano, a fesa fenti. Motar gudu kuwa idan ta yi haɗari ba kasafai take yin ƙarami ba. Wasu kuma ruwa ne ya ci su: guguwar Katrina a 2005, Sandy a 2012 da Harvey a 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, kuma motar da ruwa ya shiga wayoyinta tana iya yin wata shida lafiya kafin tsatsa ta fara ɓullo da ciwo iri-iri. Ba duk motar gwanjo ce abar gudu ba, wata ƙofa ce kawai ta lotse. Sai dai ƙashin motar da ya lanƙwashe aka miƙe shi da wuta ba ya komawa yadda yake, kuma a motar da aka yi don gudun kilomita 200 a awa, wannan magana ce ta rai.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce: duk abin da za a faɗa, ƙarfe yana cinyewa, kuma motar da ta yi mil 140,000 ta fi wadda ta yi 60,000 gajiya idan an riƙe su iri ɗaya. Wannan gaskiya ne, babu musu. Kuloci yana ƙarewa, shokozoba tana saki, robobin ƙafa suna fashewa, famfon ruwa da lagireto suna da wa'adi, zobban fistin suna sassautawa. Amma a lura da sharaɗin da ke cikin maganar, wato idan an riƙe su iri ɗaya, abin da kusan ba ya faruwa. Kuma mafi yawan waɗannan abubuwa sanannu ne, an san lokacin da suke tafiya, an san kuɗinsu. Abin tambaya shi ne ko an riga an canza su. A ɗauki BMW M3 E46, wadda aka ƙera daga 2000 zuwa 2006. Masu ita sun san raunukanta uku: metal ɗin da ke tsakanin sandar fistin da ƙaranshaf, wanda kamfanin da kansa ya kira wasu motocin farko don canzawa, da na'urar VANOS mai daidaita buɗewar bawul, da kuma wurin da ƙafar baya ta kama bodi, wanda kan tsage. Wadda ta kai mil 130,000 a hannun mai kula, akwai yiwuwar an yi mata duka ukun, wani ya riga ya biya. Wadda ke kan mil 70,000 ba a taɓa ta ba, dukkan ayyukan suna gabanta, kuma sabon mai ita ne zai biya, bayan ya biya ƙarin kuɗin ƙaramar lamba. Ya saya da tsada, ga kuma bashin gyara yana jiransa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma tamu ce ta gida. Za a ce, duk wannan magana ta tarihin kulawa ta masu littafin sabis da tarin rasiɗai ce, mu kuwa motar tana zuwa ne da makulli ɗaya da takardar kwastam, shi ke nan. Idan babu tarihi ai gara a riƙe lambar, ko ba komai wani abu ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Tun 1981 kowace mota da ake sayarwa a Amurka tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, tana nan a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Da wannan lamba kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck ke fitar da rahoton masu motar na baya, haɗurran da aka kai rahotonsu, da malejin da aka rubuta a lokuta daban-daban, a kan kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba. Sau da yawa ma, rubuta lambar kawai a intanet kan fito da hotunan motar a filin gwanjo, da gabanta a ragargaje da malejinta na ranar. Idan rahoto ya ce a 2019 tana kan mil 112,000, yau kuma allo na nuna 68,000, ciniki ya ƙare. Rahoton ba ya ganin komai da komai, domin gyaran da mutum ya yi da kuɗinsa a gefe ba ya shiga, kuma abin da ya faru bayan ta sauka a nan ba ya ciki. Amma ya fi rantsuwar dillali.

Inda takarda ta ƙare kuma, motar da kanta tana ba da labari ga wanda ya iya tambaya. Tun 1996 motocin Amurka ke da mahaɗar da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, kuma a motoci da yawa ba allon gaba kaɗai ke ajiye maleji ba, wasu sassan ƙwaƙwalwar motar ma suna ajiyewa, kuma mai maguɗi ba kullum yake bin su duka ba. Ƙwaƙwalwar Porsche har awannin da inji ya yi yana aiki take riƙewa, da adadin lokutan da aka wuce da shi iyakar juyawarsa, abin da ke tona asirin wanda ya azabtar da ita. Gwajin matsin iska a kowace silinda yana faɗin lafiyar inji fiye da kowace lamba, kuma a RX-8 sayenta ba tare da wannan gwaji ba caca ce, ga shi na'urar gwajinta daban ce. A je a ga motar da sassafe kafin kowa ya tayar da ita, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. A ɗaga ta sama a duba ƙasa, a nemi walda da sabon fenti inda bai dace ba. A ɗaga kafet, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe a nemi alamar laka. Sitiyarin da ya goge, da robar birki da ta cinye, da gefen kujerar direba da ya lotse, ba sa tafiya da mil 40,000. Tayoyi ma shaida ne: alƙaluma huɗu na ƙarshe a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma motar gudu da ke tsaye a kan tayoyi huɗu na kamfanoni huɗu mafiya araha ta gaya maka irin hannun da ta fito.

Wanda zai yi wannan bincike kada ya zama makanikin da mai sayarwa ya kawo, ko wanda ke jiran la'ada idan ciniki ya faɗa. A biya shi kuɗin aikinsa ko an saya ko ba a saya ba. Mai motar da ya ƙi yarda a jona na'ura ko a ɗaga ta sama ya riga ya ba da amsa.

Za a kuma ce kasuwa ƙaramar lamba take so, don haka ranar sayarwa mai babbar lamba zai sha wuya. Haka ne, amma shi ma da rangwame ya saya, kuma mafi yawan faɗuwar daraja ta riga ta auku a hannun wasu. Mil 10,000 da zai ƙara a kan 130,000 ba zai rage mata kuɗi kamar yadda zai rage wa mai 40,000 ba. Masu sayen irin waɗannan motoci don ajiya, suna jiran su zama kayan tarihi su yi tsada, wata sana'a ce daban da ke da kasuwarta a Turai da Amurka da Japan. A nan masu neman motar ƙofa biyu kaɗan ne ko yaya lambarta take, kuma wanda ya saye ta da tunanin zai juya kuɗinsa cikin sauri kamar Corolla zai daɗe yana jiran mai taya.

Wurin da nake ganin ya fi cancantar mai saye ya ji tsoro shi ne tafiyar da ke gaban motar, domin ita ce za a yi a kan hanyoyinmu. Tsakanin cikin motar gudu da ƙasa bai cika wuce santimita 12 ko 13 ba, ga tudun rage gudu da ake ginawa a unguwanni ba bisa wani ma'auni ba, ga ramukan da damina ke bari. Tayoyinta sirara ne a gefe, rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim, kuma irin girmansu ba a kowane shago ake samu ba. Zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana cika matatar iska cikin ƴan makonni. Yawancin waɗannan injina an yi su ne don fetur mai daraja ta sama, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa ga kowa. Ƙwaƙwalwar motar za ta rage ƙarfin inji don ta kare shi, amma wanda ke matsa mata da tsakar rana yana wasa da iyakar wannan kariyar. Sannan ga al'adun gareji: cire tamostat da zarar mota ta iso da sunan ƙasarmu da zafi, jona fanka kai tsaye, zuba ruwan famfo a lagireto, da zuba kowane irin bakin mai da aka samu. Tsohuwar Peugeot 504 ta jure irin wannan, amma injin M3 da kamfaninsa ya ce sai mai 10W-60 ba zai jure ba. Motar da ta yi mil 140,000 lafiya a Texas tana iya bugawa cikin shekara ɗaya a nan, a ɗora wa maleji laifin da ba nasa ba.

Saboda haka zaɓen irin motar ya fi zaɓen lamba muhimmanci, kuma ma'aunin da ya fi amfani shi ne ko injinta yana da ƴan'uwa a gari. Nissan 350Z tana ɗauke da injin VQ35 mai lita 3.5, dangin wanda ke cikin Infiniti G35 da FX35, da Maxima da Murano da Pathfinder na zamaninta. Ba kowane ɓangare ne ke shiga daidai ba, amma makanikai sun san shi, kuma ana iya samun abubuwa da dama a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Mustang da Camaro injinansu manya ne marasa rikitarwa sosai, an ƙera su da yawan gaske, kayan gyaransu kuma ba su da tsada a Amurka ko da sai an yi oda. Toyota 86, wadda ta fito a 2012, sunan Toyota ne a jikinta amma injin Subaru ne a ciki, kada sunan ya ruɗi mutum ya ɗauka kayan Corolla za su yi. RX-8 ba ta da ɗan'uwa ko ɗaya a kasuwa, kuma samun wanda zai buɗe injinta ya mayar daidai aiki ne. Porsche da BMW M kuwa, kuɗin sayensu ne ya faɗi, na kayan gyaransu yana nan kamar na sabuwar mota, kuma da dala ko yuro ake biya. Tun daga 2023, da aka cire tallafin fetur a Najeriya aka kuma saki naira, wannan lissafin ya ƙara nauyi.

Wanda ya tara kuɗinsa ƙaf ya zuba a sayen motar, bai bar komai a gefe ba, bai shirya riƙe ta ba, ko lambarta 30,000 ce. Ya kamata a ware wani kaso mai kauri tun kafin a fara ciniki, domin a makon farko sai an canza bakin mai da na giya da na birki da ruwan lagireto, da fulogi da bel da duk tiyon da ya bushe, ba tare da sauraron cewa an yi sabis kwanan nan ba. A kuma tabbatar da takardun kwastam: Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a ranar 1 ga Janairun 2017, kuma daga 2022 hukumar kwastam ta koma amfani da lambar shasi wajen ƙiyasta haraji, ga shi motar da ke jan ido a hanya ita ce ake yawan tsayarwa. Idan aka samu motoci biyu iri ɗaya, dukkansu da tarihi a rubuce, dukkansu sun ci gwajin inji, ƙashinsu lafiya, to a nan ne maleji ke da ta cewa, kuma mai ƙaramar lamba ta cancanci ƙarin kuɗi daidai gwargwado. Irin wannan haɗuwar ba ta cika faruwa a wurin dillali ba. Abin da aka fi samu shi ne 350Z mai mil 135,000 da rahoto ya nuna mutum biyu ne suka riƙe ta ba haɗari, a gefenta kuma wata mai 52,000 da sabon fenti, wadda mai ita ke cewa ba sai an duba lambar shasi ba.